Ban Fito Daga Rumbun Babana Ba

Assalamu alaikum, Malam mai karanta wasiƙu. Allah ya ƙara murya. Sunana Ɗanjuma, daga Farfaru a ƙasar Jibiya.

Ranar Lahadi wani kamfanin sayen gyaɗa ya sa aka yi shela yana neman mai kula da sikeli a bakin iyaka. Shekarata goma ina sauke buhuna daga raƙuman Maraɗi. In na ɗaga buhu, na san nauyinsa kafin a aza shi kan sikeli.

Na yi yadda muka saba, na tafi da kawuna Malam Isuhu ya tsaya mani. Ya ce wa akawu, "Yaron nan ɗana ne, in ya ci amana a kama ni."

Akawu ya ce, "Baba, an daina wannan. Ina takardarsa ta elemantare?"

Kawu ya sunkuyar da kai. Ya san labarin: ranar da aka zo rubuta yara makarantar boko, babana ya ɓoye ni cikin rumbun gero har suka wuce. Gidanmu har sadaka aka yi don na tsira.

Yanzu masinja sai takarda, mai gadi ma sai takarda. Shaidar dattijo ta zama banza. Ga iyali, ga bayana ya fara ciwo.

Jama'a, ku ba ni shawara. Babana ya rasu yana ganin ya cece ni. Ni kuwa wallahi har yau ina cikin rumbun nan. Wa zai buɗe mani?