Kocin da Ke Zama a Kan Hular Kwano

Jawabin Cornell Tolliver, babba a cikin masu cafe ƙwallo na wata ƙungiyar ƙwallon Amurka (wasan da ake jifa da hannu ana karo), a taron tunawa da Koci Lemuel Ashby.

Mai girma Fasto Whitlock, mai kula da wannan majami'a. Yallaɓai Brandt, mai ƙungiyarmu. Babban kocinmu, Koci Dombrowski, da mataimakansa. Tsofaffin 'yan wasa da suka taso daga nesa, wasu da sanda, wasu ana tura su a keke. Mama Vernice, uwarmu, matar marigayi. Ƙanwata Odessa, 'yarsa tilo, da mijinta Quentin Mabry, abokin wasana. Jama'ar unguwar gabas baki ɗaya: sannunku da zuwa, sannunmu da haƙuri.

Yaran ɗakinmu, wato 'yan'uwana masu cafe ƙwallo, su suka tura ni in yi magana. Ba don na fi su iya baki ba. Na fi su tsufa ne, gwiwata kuma ta riga ta tashi aiki, kun ga sandunan da nake dogarawa. Wanda ya gama wasa ba shi da abin da za a ƙwace masa, shi ya sa suka ce, "Tsoho, kai za ka hau."

Tun yanzu zan faɗa muku, don kada wani ya ce na shammace shi. Zan yi maganar wanda ya rasu, zan kuma yi maganar wanda zai fita fili ran Lahadi. Kowa a garin nan ya san wasan Lahadi: in mun ci mu shiga zagayen neman kofi, in an ci mu kakar bana ta ƙare. Kowa kuma ya san sau biyu aka buge Quentin a ka a wannan kaka, kuma shi za a sa. Ku riƙe wannan a ranku har in gama.

Koci Lem ya kasance mutum mai ƙaramar murya a sana'ar da kowa ke ihu. Ranar da na fara zuwa atisaye, ina jin kaina, ina ganin ba mai kama ni a gudu, sai ya kama hannuna ya kai ni tsakiyar fili ya tsayar.

Ya ce, "Yaro, ɗaga kanka kamar ƙwallo na zuwa."

Na ɗaga.

"Miƙa hannuwa sama."

Na miƙa.

"To, yanzu wa ke duba maka bayanka?"

Na ce, "Ba kowa, Koci."

Ya ce, "Yauwa. Mai jifa ya jefa ya huta. Kai idonka na sama, hannunka na sama, wani ƙato kuma ya taho a guje ba ka gan shi ba. A gefen fili layi ne maƙwabcinka, sai ka fice ka tsira. A nan tsakiya ba ka da maƙwabci. Ka girmama wurin nan, ya cinye waɗanda suka fi ka."

Ya kasance mutumin da ke zama a kan hular kwano. Waɗanda suka yi wasa a hannunsa na ga kuna murmushi. Doka ce, ba mai shiga fili ba hula a kansa. To shi Koci Lem, da zarar ya ga an buge ɗayanmu ya tashi yana tangaɗi, ba ya jayayya da kowa, ba ya jiran likita. Kana cire hula ka sha ruwa, sai ya ɗauke ta ya kife a ƙasa ya zauna a kai. Ƙaton mutum kamarsa, ya ɗora littafin dabaru a gwiwa, ya ci gaba da kallon wasa kamar ba abin da ya faru.

Ni ma an yi mini. Ana saura kaɗan a tashi, an fi mu maki, na zo na tsaya a kansa.

Na ce, "Koci, ba ni hulata."

Ya ce, "Wace hula?"

"Wadda kake zaune a kai mana!"

"Wannan? Kujerata ce. Bayana ke ciwo."

Na ce, "Haba Koci, lafiyata lau, na rantse."

Ya ce, "Madalla. Wane gari muke?"

Na faɗa masa da ƙarfina. Ashe garin da muka je makon da ya wuce na ambata. Ya gyaɗa kai ya ce, "To je can ka nemi hularka."

An ci mu a ranar. Na yi kwanaki ba na gaishe shi. Yau ina da 'ya'ya biyu, na san sunayensu, na san ranar haihuwarsu, kuma na san wanda ya bar mini wannan.

Ya kasance mai rigima guda ɗaya tak, amma kowace shekara sai ya yi ta. Idan bazara ta ƙare, lokacin sallamar 'yan wasa ya zo, manya su ce masu cafa biyar sun isa, a ba wasu sassan gurbi. Shi kuwa sai ya kafe a kan bakwai. Ta bayan ƙofa muke jin su. Wata shekara babban manaja ya ce masa, "Lem, na shida da na bakwai ɗin nan benci kawai suke ɗumamawa." Ya ce, "Ranka ya daɗe, su ne suke ba ni ikon zama. In ba ni da wanda zan sa, dole in tashi daga kan hular yaro in miƙa masa." Nan maganar take gaba ɗaya, jama'a. Yawanmu shi ne kariyarmu.

Dabararsa ta kai hari ma a kan haka ya gina ta. A baje mu gefe da gefe, a riƙa canza mu, jifan tsakiya kuma a raba shi tsakaninmu, kada mutum ɗaya ya sha shi duka. Masu surutu a rediyo suka ce wasan tsoro ne. Suka ce tsohon yayi ne. Wani har ya ce Koci Lem ya fi dacewa da renon jarirai. Ya ji, ya yi dariya, ya ce, "Ai kuwa jariran wasu ne."

Ya kasance na unguwar nan. Asabar ɗin duniya yana filin bayan makaranta yana koya wa yara yadda ake faɗuwa, kafin ya koya musu yadda ake cafa. Iyaye da yawa a zauren nan sun yi fushi da shi don ya hana ƙananan yara wasan karo. Lokacin bikin godiya na shekara-shekara shi ke cika bayan tsohuwar motarsa da talotalo ya bi gida-gida, mu kuma ya mai da mu 'yan dako. Ba ya tambayar wa kake goyon baya.

Da Quentin ya fara zuwa wurin Odessa, Koci ya shigo ɗakinmu ya tsaya ya ce, "Kun ga ɗan banzan nan? Na koya masa bi ta gefe, ya bi ta gefe ya shigo mini gida." Muka yi ta shewa. Ranar auren kuwa shi ya fi kowa kuka, har Mama Vernice ta ce ya je waje ya gama.

Mama, ki gafarce ni, zan taɓa abin da kika rufe shekara da shekaru.

Koci Lem ma mai cafa ne a zamaninsa, kuma tsakiyar fili ce gidansa. A lokacinsu in an buge ka, sai a shaƙa maka wani abu mai yaji a hanci, a dafa kafaɗarka, a tura ka. Ba wanda ya taɓa zama a kan hularsa. A hankali mu muka fara ganin abin da bugun kan nan ya yi wa ƙwaƙwalwarsa. Sai ya kira ni da sunan wani da ya daina wasa tun ina firamare. Sai ya zana dabara a allo, ya juya, ya sake zana ta. Muka riƙa rufa masa asiri, har abin ya fi ƙarfin rufi, bara aka ce ya huta. Ke kuwa, Mama, ke kika ga sauran. Ke kika riƙa ɓoye mukullin mota. Ke ya kalla a teburin cin abinci ya ce, "Baiwar Allah, matata ba ta dawo ba?"

Ƙarshensa duk mun sani. Da safe ya fice, usur a wuya, 'yar riga marar nauyi a jiki, dusar ƙanƙara na zuba. Ya taka har tsohon filin atisaye, wanda aka mai da wurin ajiye motoci tuntuni. Can aka same shi a tsaye yana jiran yaransa su fito. Sanyin ya shige masa ƙirji, bai tashi ba. Ko shekara sittin bai cika ba.

To, yanzu mu zo ga masu rai.

Bana ba mai kafewa, sai aka bar mu mu biyar. Aka kawo sabuwar dabara: jifa gajere, da sauri, ta tsakiya, a kai a kai. Ba zan yi ƙarya a ɗakin Ubangiji ba, dabarar tana ci. Ita ta kawo mu inda muke, garin nan ya daɗe bai yi murna irin ta bana ba. Amma ku dubi abin da ta ci ita ma. Ni ta ci gwiwata. Na biyunmu ƙashin wuyansa ya karye. Na uku yana kwance da ciwon jijiya. Aka ɗauko yara biyu daga waje, ko alamun hannu ba su gama koya ba. Ɗayan da ya rage cikinmu gudun gefe kawai ya iya. Saura wa zai shiga tsakiya? Saura Quentin.

Za a ce mini likita ya duba shi ya ba shi izini. Gaskiya ne, kuma ban zargi likita ba. Amma bari in fasa muku ƙwai, tunda duk mai hula a zauren nan ya sani. A farkon kaka ana yi mana gwajin ƙwaƙwalwa muna lafiya, don in an buge mutum a gwada da na farko. Mu kuma da wayonmu, sai mu yi gangancin yin sanyi a gwajin farko, mu ɓata amsa, mu ja lokaci. Ranar da kai ya bugu da gaske, sai sakamakon ya fito daidai da na da, a ce lafiya lau. Muna koya wa juna wannan kamar wata gwaninta. Kanmu muke cuta, kuma Koci Lem ne kaɗai ba a iya yi wa wannan wayon, don shi idon mutum yake kallo.

Na je wurin Koci Dombrowski jiya. Ya saurare ni, ban raina masa ba. Ya ce, "Cornell, me kake so in yi? Likita ya yarda, yaron yana so, ba ni da wani." Ba ni da wani! Kun ji kalmar da marigayi ya kwashe rayuwarsa yana gudun a kai shi gare ta.

Na je wurin Quentin. Ya ce, "Tsoho, kai ka ci zamaninka, bar ni in ci nawa. Wasa ɗaya ne fa."

Quentin, na ga kana hararata. Harare ni, ƙanena. Gara ka daina gaishe ni.

Ran Talata muka binne Koci. Quentin ne a gaban akwatin, ɓangaren dama, ni ina biye da sandunana. Shi ya fara zuba ƙasa. Yau da safe ina tsaye a ƙofar majami'ar nan, ga hoton marigayi a kan tebur, furanni kewaye da shi, sai Quentin ya ja hannun rigata.

Ya ce, "Tsoho, ina Koci ne? Shi da ba ya latti."

Na zaci wasa yake, na kalle shi zan zage shi. Ba wasa a fuskarsa. Na ce, "Quentin, Koci ya rasu." Ya dafe goshi, ya ce, "Na sani mana. Na sani." Muka shigo. Bayan waƙar farko ya sake juyowa yana duban ƙofa, ya sake tambayata. Odessa na gefensa, ta ji. Na ga yadda ta damƙe hannun mahaifiyarta.

Tsoro nake ji, jama'a. Ban taɓa jin irinsa a fili ba.

Odessa, ƙanwata, ke kin taso a gidan, kin ga farkon abin, kin ga ƙarshensa, ba sai na gaya miki sunansa ba. Mama Vernice, in akwai wadda yaron nan ke jin nauyinta, ke ce. Ki yi masa magana yau, kada ki bari sai an huce makoki. Yallaɓai Brandt, ranka ya daɗe, kalma ɗaya daga bakinka ta isa. Za mu iya rasa wasan, garin zai yi ta zaginka har bazara, na sani. Koci Dombrowski, kai ma na sani kujerarka na rawa. Ban ce abu ne mai sauƙi ba. Marigayi ma bai taɓa samun sa da sauƙi ba.

Ina duban layin gaba, ban ga wanda ya ɗago kai ba. To, na dai faɗa a gaban shaidu. Gobe jirgi zai tashi da ƙungiya.

Na gode wa Fasto da ya ba mu zauren nan. Na gode wa matan majami'a da suka kwana biyu suna girki. Akwai kaza da wake a ɗakin ƙasa, kada kowa ya tafi bai ci ba. Na gode wa duk wanda ya taka ƙanƙara ya zo.

Mu sunkuyar da kai.

Ya Ubangiji, ka karɓi bawanka Lemuel, ka ba shi hutun da bai samu a nan ba, ka mayar masa da duk abin da ya manta. Ka ba Mama Vernice haƙuri, ka riƙe Odessa. Ka ba masu iko a cikinmu ƙarfin zuciya kafin lokaci ya ƙure. In kuwa suka rasa shi, ya Ubangiji, in aka jefa ƙwallon nan ta tsakiya ran Lahadi, ka dawo mana da yaron nan gida ya gane matarsa.

Amin.