Inji Mai Mariƙi Biyu

A kasuwar Cadawa, tsoho Dogo ya tsuguna gaban rumfar mai sayar da injinan ban ruwa.

"Ƙaramin nan nike so."

"Haba Baba, garkar albasa guda? Wannan sai shukar tsakar gida. Ɗauki babban."

"Ina da irinshi a zaure."

"Lalacewa ya yi?"

"Lafiyarshi lau. Mariƙi biyu gare shi. Shekara tara ni da ƙanena Rabe muke kinkimar shi zuwa bakin rijiya. Da damina muka binne Rabe."

Mai rumfa ya sunkuyar da kai. "Allah ya jiƙan shi. Gwada ƙaramin, Baba."

Dogo ya ɗaga shi da hannu guda, ya juya hagunsa ya ce, "Kama mu je." Sannan ya tuna.