Isuhu Ya Daina Zuwa Karatu

Assalamu alaikum, malama mai gabatar da shiri. Daga Matankari nake rubutowa cikin baƙin ciki.

Tun ina saurayi nake ƙaunar wasu jerin finafinai na sararin samaniya, domin sun nuna talaka yana samun baiwa ta hanyar haƙuri da bin malami. Da su nake ƙarfafa Isuhu, magidanci ɗan mahauta, mai karatu wurina. Da anka fitar da sababbi masu ba da asalin labarin, munka kalla tare. Ashe wai baiwar a jini take, har aunawa ake yi! Isuhu ya ce, "Malam, ka gani? Ko a sama sai ɗan gado." Bai sake zuwa ba.

Jama'a, da wane baki zan kira shi?