Kazar Goggo da Kwaɗon Zogale

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Ni ce Ladidi daga Randagi.

Kumburin ciki ya sa na yi mako uku ba nama, ba maiƙo, sai kwaɗon zogale, rama da faten wake. Jikina ya yi sakayau, har na ƙudurta ɗorewa a haka.

Sai na je gaida Goggona a Kusasu. Kafin in cire mayafi, an yanka mini kaza. Na ce, "Goggo, ganye nake ci yanzu."

Ta ce, "Ganye? Ke baƙuwa ce ko akuya?"

Kunya ta sa na ci. Masu sauraro, ku ba ni shawara. Jibi zan koma, kuma kaza ɗaya ce ta rage mata.