Takalmi a Kan Darduma

A tashar motar Zenica, dattijo Ekrem ya daɗe yana juya wayarsa kafin ya miƙa wa matar da ke zaune kusa da shi.

"'Yata, duba mini wasan nan. Ina zan danna don ɗan mutumin ya tuɓe takalmi?"

"Takalmi kuma, Baba? Darduma ce mai tashi sama. Tsalle za ka yi ka hau kafin ta wuce."

"Da takalmin? A gidana ko likita ne ya zo, a bakin ƙofa yake barin nasa."

Ta yi dariya. "Ai zane ne kawai! Wa ya ce kai za ka wanke ta?"

"Jikata Nejra ce a kanta, daga can Austriya. Kowace Lahadi tana jirana, ni kuwa ina gefe ina laluben wajen dannawa har dardumar ta tashi. Ta ce in ban iya ba, za ta gayyaci ƙawarta."

"To ka hau mana!"

"Ban taɓa taka gidansu ba. Nan kaɗai aka ce in shigo, sai in shiga da dattin titi?"

Matar ta daina dariya, ta mayar masa da wayar.

"Ni ɗana ko cikin wasa bai gayyace ni ba. Hau da takalminka, Baba."