Wanda Ba Ya Ɓangaren Kowa

A kan bencin tasha, wani dattijo ya leƙa littafin ɗalibar da ke gefensa.

"'Yata, me kike haddacewa haka?"

"Niyutiron, Baba. A tsakiyar atam yake, wato ƙwayar zarra, ba shi da caji, ba ya ɓangaren kowa."

"Ai ni ke nan! Yaƙi na gani, yunwa na gani, ban bi kowa ba, ga ni garau. Yau ma 'ya'yana ke rigima, na bar musu gidan, zan zauna ni kaɗai."

"Amma Baba, in ya fita shi kaɗai, wajen minti goma sha biyar yake yi ya ruguje."

Dattijo ya dubi motar da zai shiga.

"Zancen boko! Ni direban nan ne bai kwanta mini ba. Ara mini wayarki in kira babban ɗana."