Kunnen da Na Bari a Jos

Ku zagayo nan hagu, yara, wancan gefen kamar da bango kuke magana. Kai Sabo, daina dariya, yau za ka ji inda na baro kunnen nan.

Kuɗin motar da ya fitar da ni daga Doguwa na zuma ne. Babanmu ya kai tulu guda kasuwar Tudun Wada, ya dawo ya ƙulle mini kuɗin a tsumma, Inna kuma ta zuba mini saƙar zuma a ɗan ƙoƙo don guzuri. Gidanmu sana'armu ke nan, rataya amya a bakin dajin Falgore. Kuma aikin amya na kunne ne. Ka hau bishiya, ka kara kunnenka, daga kukan ƙudan za ka san ta cika ko da saura. Baba kan ce a duk 'ya'yansa ni na gaji kunnensa. Lokacin Turawa ba su tafi ba, ni kuwa ƙuruciya na ɗibata, na ce sai na je ci-rani na ga Jos.

Wanda ya karɓe ni Baba Tanko ne, mutumin Kiru, kuku a gidan wani Baturen kuza da muke kira Mai Lofe. Ya kai ni gabansa, ya dafa ƙirji, ya ce yaron nan nawa ne, in ya yi ɓarna ni za a kama. Aka ba ni tabarma a ɗakin bayan gida, wai shi boskwata, sanyi kamar cikin randa.

Na zaci shara zan yi. Ashe Mai Lofe mayen bindiga ne. Kowace la'asar sai mu tafi gindin wani dutse, ya kwanta rub da ciki yana harbin farin allo, wai tagit. Mutum da girmansa, ba gada ba zabo, katako yake farauta! Ni aikina in tsuguna dab da shi, kunnena na dama na wajensa, in miƙa harsashi, in tsince kwanso. Bindigar nan ba irin ta maharban garinmu ba ce mai cewa dum. Wannan tsawa ce, ta bugi dutse ta dawo ta sake marin ka. Ranar farko na dawo kaina na ta ziii har na kasa cin tuwo.

Na fara neman abin toshewa. Na tura auduga, ta yi laushi amma banza ce, ƙara na ratsa ta. Wani tsohon soja mai gadi ya ce su a wurin yaƙi kwanson harsashi suke cusawa. Na gwada, kafin magariba kunnena ya yi jini. Na naɗe kai da rawani, Baba Tanko ya ce, "Wa ya naɗa ka sarauta? Cire kafin maigida ya gani." Rannan ina lasar ragowar guzurin Inna sai kakin zuma ya maƙale mini a haƙori. Na murza shi a tafin hannu har ya yi taushi, na cuɗa da 'yar auduga da ɗigon man kaɗe, na dunƙule kamar ƙwallon magarya, na danna a bakin kunne. Wallahi kamar don ni aka yi. Ba zafi, ba faɗuwa, tsawar nan ta koma kamar ana daka a gidan maƙwabta.

Daɗin bai kai ko'ina ba. Mai Lofe ba ya cire lofe in zai yi magana, ta hanci yake ba da umarni. Ya ce wani abu, ban ji ba. Ya sake, ina ta tsintar kwanso. Sai ji na yi an finciko ni, ya leƙa kunnena ya zaro kakin.

"Boyi! Wannan mene?"

"Ranka ya daɗe, ƙara ce..."

"Ni magana, kai rufe kunne? Kira kuku!"

Baba Tanko ya zo da gudu, dattijo da furfurarsa, ya durƙusa yana yassa, yassa, wato to ranka ya daɗe. Da muka koma ɗaki ya kama ni da faɗa.

"Habu, a gidanku babba na magana kana toshe kunne?"

"Baba, kurumcewa zan yi."

"To ni in yi yaya? Ya ce in ya sake kira ba ka amsa ba, ko ka gudu, ni da kai mu tattara. Iyalina a Kiru da wannan murhun suke ci."

Gaba kura baya siyaki. In tafi, na tozarta mutumin da ya tsaya mini, kuma da wane ido babanmu zai kalli mutanen Kiru? In zauna, kunne na tafiya. Sai damina ta faɗi Mai Lofe zai tafi hutu ƙasarsu a sallame ni, ga shi ko bazara ba ta shigo ba. Na ji tsoro, na ji haushi, na yi kuka a bayan boskwata kamar yaro. Da asuba in na ji kiran salla ya yi nisa, sai in ce ladan ne ya canza masallaci.

Ƙarshe na zauna na yi rabon gado da raina. Kunne biyu ne, ɗaya nawa, ɗaya na Mai Lofe. Na dama shi ke wajensa, shi zai ji umarni, na bar shi a buɗe. Na hagu na danna masa kaki, na janyo hula a kai. Haka muka yi ta yi. Kullum ina jin na daman yana raguwa, ina murmushi ina cewa yassa. Na bar ƙirga kwanaki, sai kallon gabas ko hadari zai haɗo.

Da ruwan fari ya sauka aka sallame ni. Na shigo Doguwa da sabuwar riga da turmin atamfa na Inna. A bakin gari Baba na zaune ƙarƙashin tsamiya da dattawa, ta hannun damana. Ashe ya kira sunana har sau nawa, ban ji ba, na wuce abina. Kafin in kai gida labari ya riga ni, wai Habu ya ci abincin Bature, ya fi ƙarfin amsa wa ubansa.

Baba bai yi mini faɗa ba. Washegari ya ce in biyo shi daji, ya nuna wata amya a kan ɗorawa. Na hau, na kara kunnen dama yadda na saba. Shiru. Ƙuda na shiga suna fita a gaban idona, amma shiru. Na juya na kara na hagu, sai ga su nan, kuka mai nauyi.

"Ta cika, Baba," na ce.

Ya daɗe yana kallona daga ƙasa. Da na sauko muka kama hanyar gida, yana ta damana, sai ya dakata, ya zagaya ta bayana ya koma hagu. Bai tambaye ni komai ba. Har ya bar duniya, bai sake tsayawa ta damana ba.